Kwana Biyu A Kan Keke A Ƙasar Auduga

A ƙasashen Faransa da Italiya, inda ake noman inabi, mutanen birni suna da wata al'ada. In hutun ƙarshen mako ya zo sai su ɗauki kekunansu su fita ƙauye, su wuni suna tuƙi a tsakanin gonakin inabi, su kwana a masauki, kashegari su komo. A yankin Kiyanti na Italiya har taro ake yi tun 1997, ana ce da shi L'Eroica. Dubban mutane sukan hau tsofaffin kekunan ƙarfe su bi hanyar burji, waɗansu har su yi fiye da kilomita 200 a wuni ɗaya. Kuɗi suke biya kafin a bar su su sha wannan wahala. Kada mai karatu ya yi musu dariya, gama akwai abin da suka gane. Mai tafiya a mota ganin ƙasa yake yi ta taga. Mai keke kuwa dole ya san inda tudu yake, da inda iska ke fitowa, da ƙofar da za a ba shi ruwa.

A Jazira ta ƙasar Sudan babu gonakin inabi, ba kuma wanda ke hawan tsohon keke don sha'awa. Tsohon keke shi ne abin da talaka yake da shi. Amma a can ma akan yi doguwar tafiya a hutun mako, wanda a Sudan Jumma'a ne da Asabar. Wannan labarin wata irin tafiyar ce, wadda wani mutum da ɗan ƙanwarsa suka yi a watan Disamba na shekarar 2013.

Jazira da Larabci tsibiri ke nan. Fili ne shimfiɗaɗɗe tsakanin Farin Nilu da Shuɗin Nilu, kudu da Hartum inda kogunan biyu suke haɗuwa. A 1925 aka gama madatsar Sinnar, mai tsawon kilomita 3, aka jawo ruwa ta magudanai zuwa cikin filin. Ƙasar ta ɗan gangara zuwa arewa, saboda haka ruwan da kansa yake tafiya, ba a bukatar inji ya tura shi. Turawan Ingila auduga suke so domin masaƙunsu. Da aka ƙara yankin Manaƙil daga ƙarshen shekarun 1950, gonar ta wuce kadada 800,000. Wannan aiki yana bukatar hannuwa masu yawa, Hausawa kuwa suna cikin waɗanda suka ba da nasu. Yawancinsu maniyyata ne da suka taso a ƙafa daga ƙasar Hausa, suka ratsa Barno da Wadai da Darfur, guzuri ya ƙare, suka tsaya neman na gaba. Waɗansu sun kai Makka. Waɗansu da yawa an binne su a bakin magudanan da suka haƙa. Jikokinsu suna nan, da yawansu a ƙananan unguwannin leburori da ake kira kambo, a gefen gonakin da ba nasu ba.

A irin wannan kambo, kudu da birnin Wad Madani, yaron ya tashi. Shekararsa 18. Ubansa ya rasu tun yana goye, kawunsa ne ya riƙe shi, ya kuma yi ta cirar auduga da cirar gyaɗa har yaron ya kai ajin ƙarshe na sakandare. Shi ne na fari a kambon da ya kai nan. Jarrabawa tana tafe a watan Maris, sai makaranta ta ce kowane ɗalibi ya kawo lambarsa ta ɗan ƙasa.

A nan gizo yake saƙa. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta ce ɗan Sudan na asali shi ne wanda danginsa na wajen uba suke zaune a ƙasar tun 31 ga Disamba 1897. Hausawa da yawa bayan wannan rana suka iso, aka daɗe ana duban su kamar baƙi a ƙasar da aka haife su. Dokar 1994 ta maido da ranar zuwa 1 ga Janairu 1956, ranar samun mulkin kai. Da aka fara ba da lambar ɗan ƙasa a 2011, wanda ba shi da takardar ubansa sai ya kawo shaida daga dangin uba. Kawu ɗan'uwan uwa ne, shaidarsa ba ta wadatar ba, shi kansa ma ba shi da takarda. Dangin uban yaron kuwa suna wani ƙauye a bakin Shuɗin Nilu, gaba da Mai Wurno. Uban ya baro su da fushi a kan wata gonar fadama, bai sake komawa ba har ya mutu. Shekara 20 ba aike, ba gaisuwa.

Kawu ya ce wannan ba maganar waya ba ce. Mutumin da aka yi shekara 20 ba a gaishe shi ba, ba a kiransa a waya a ce ya zo ya yi shaida. Kuɗin mota kuma ya gagara, domin a watan Satumba na wannan shekara gwamnati ta janye tallafin man fetur, har aka yi zanga-zangar da ta faro daga Wad Madani, kuɗin shiga mota ya tashi. Kawu yana da tsohon Raleigh da ya saya tun yana saurayi. Ya aro wa yaron Phoenix a wurin maƙwabci. Ran Laraba da dare suka zauna a gaban fitila, suka ɗiga wa kaca mai, suka ɗaure birki, suka yanka tsohon tib gunduwa gunduwa domin faci. Suka ɗaure famfo da gam da sifana a kariya, da galan na ruwa wanda aka naɗe da jiƙaƙƙen buhu. Uwar yaron ta ƙulla musu dabino da soyayyar gyaɗa. Ta kuma ba su sukari da ganyen shayi da sabulu, ta ce ba a zuwa gidan surukai hannu rabbana.

Ran Alhamis bayan la'asar suka hau. A Sudan ajala ake ce wa keke, Hausawan can ma haka suke faɗa. Ba su bi kwalta ba, sai suka bi bakin magudana, inda ƙasar da aka haƙo ta zama tudu, ƙafar jaki da ta mutane ta daddaɓe ta. Ƙasar Jazira baƙar laka ce. Da damina ko taku goma keke ba ya yi a cikinta, takan cika tsakanin taya da madigadi har gargaren ya ƙi juyawa. Da rani kuwa takan bushe ta tsage, tsagar har hannu yana shiga. Watan Disamba shi ne lokacin tafiya, ga sanyi, ga iska tana busowa daga arewa. Su kuwa kudu suka nufa, iskar tana tura su ta baya. Yaron ya yi ta gudu yana waiwaye yana dariya.

Kawu ya ce, "Ɗana, yi a hankali. Bashi kake ci. Iskar nan da take turaka yau, jibi za ta zo karɓar kuɗinta."

Dama da hagu alkama ce kore shar, ba ta fi wata guda da shuka ba. An girbe dawa, an bar kara a tsaye. Auduga ta fara fashewa, amma ba ta kai yawan ta da ba, gama tun bayan dokar 2005 da ta bar manomi ya shuka abin da ya ga dama, da yawa sun rabu da ita. Kawu ya riƙa nuna wa yaron yadda ruwa ke rabuwa: babbar magudana tana ba ƙarama, ƙarama tana ba wadda ake kira Abu Ishirin, ita kuma tana ba Abu Sitta, wadda ke shiga gona. Ya nuna masa inda laka da ciyawa suka toshe hanya, gonakin ƙarshe suna ƙishirwa alhali kogi cike yake. Yaron a cikin wannan gona aka haife shi, amma bai taɓa ganin ta haka a jere ba.

Magariba ta same su kusa da wani kambo da ba su san kowa a ciki ba. Suka sauka suka yi sallama. Da mutanen suka ji Hausa, ba wanda ya tambaye su daga ina ko zuwa ina. Aka shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin rumfa, aka kawo ruwa, aka kawo tuwon dawa da miyar busasshiyar kuɓewa a tire ɗaya, maza duka suka kewaye. Sai bayan an sha shayi mai gida ya ce, "To, Malam, lafiya dai?" Kawu ya faɗa masa. Mai gidan ya yi shiru, sa'an nan ya ce shi ma 'yarsa wannan magana ce ta hana ta karatu. Ya ba su gadon igiyarsa, shi ya kwanta a ƙasa. Da asuba matarsa ta dama musu kunu.

Rana tana fitowa suka kai wurin da ake kira Kilo 57, domin daga nan zuwa madatsar Sinnar kilomita 57 ne ta bakin ruwa. A nan manyan magudanai biyu da suka taho kafaɗa da kafaɗa suke rabuwa, ɗaya ta yi arewa cikin Jazira, ɗaya ta yi yamma zuwa Manaƙil. Yaron ya so ya faɗa ruwa ya yi wanka. Kawu ya hana shi, ya ce ruwan magudana gidan tsargiya ne, ya ishe su wadda suke fama da ita a gida.

Ba su yi nisa ba ƙayar bagaruwa ta huda tayar Phoenix. Suka kifa keken, suka zaro tib, suka tsoma shi a kwano suna neman inda yake kumfa. Kawu ya kankare wurin da dutse, ya shafa gam, ya hana yaron liƙawa nan da nan, ya ce sai gam ya sha iska yake kamawa. Kafin su kai Sinnar sau uku suka yi wannan aiki. A na ukun Kawu ya zauna a inuwar darbejiya, ya bar yaron ya yi shi kaɗai.

Ruwan galan ya ƙare tun hantsi, amma ba su ji ƙishirwa ba. Al'adar Sudan ce mutum ya ajiye randuna biyu ko uku a ƙofar gidansa ko a bakin hanya, a ƙarƙashin 'yar rumfa, da moɗa a ɗaure. Sabil ake kiran wurin. Mai shi yakan cika su kullum domin mutanen da ba zai taɓa sanin sunansu ba. Mai mota ba ya ganin waɗannan randuna. Mai keke kuwa da su yake ƙirga nisan hanya.

Suka iso Sinnar ana kiran sallar Jumma'a. Tsohon gari ne, shi ne babban birnin sarakunan Funj daga 1504 har zuwa 1821. Bayan an sauko suka ci wake da burodi a kasuwa, Kawu ya sayi tsinke biyu na agashe. Duk Sudan ta san agashe, tsire ne da ƙuli da yaji, Hausawa ne suka kai shi, sunansa ma Hausa ce da ta sa rawanin Larabawa. Suka je suka tsaya a gefen madatsar suna kallon ruwa yana fita ta ƙofofi da ruri. Kawu ya ce wa yaron ya duba duwatsun da kyau, domin an ce kakan ubansa yana cikin waɗanda suka ɗauke su a ka.

Daga Sinnar zuwa Mai Wurno kamar kilomita 15 ne. Garin ya ci sunan Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya wanda Turawa suka kashe a Burmi a watan Yuli na 1903. Ɗan ya tsira da sauran jama'a, suka yi gabas, suka kafa garin a 1906 a yammacin kogi. Fulani ne da Hausawa, a kasuwa kuwa Fulatanci da Hausa da Larabci duk suna tashi. Daga nan ƙasa ta sake. Ga lambunan ayaba da mangwaro da lemo a bakin ruwa, ga albasa da tumatir a fadama, ga masunta suna jan koma. A nan ne yaron ya daina magana. Cinyoyinsa sun yi tsami, sirdi ya ci masa jiki, amma ba wannan ne ya dame shi ba.

Ya ce, "Kawu, in suka kore mu fa?"

Kawu ya ce, "In suka kore mu, mun dai gaishe su. Sauran na Allah ne."

Rana ta yi ja suka shiga ƙauyen. Aka nuna musu gidan. Tsohon ƙanen kakan yaron ne, ya haura shekara 80, idonsa ya kusa rufewa. Yana zaune a zaure a kan buzu. Suka jingina kekuna a waje, suka tuɓe takalma, suka durƙusa. Kawu ya yi gaisuwa mai tsawo, ya ce, "Baba, ɗanku na kawo muku," ya kuma ambaci sunan marigayin. Zauren ya yi tsit. 'Ya'yan tsohon, waɗanda da su aka yi rigimar fadama, suna tsaye a bakin ƙofa, ba wanda ya ce uffan.

Can tsohon ya ce, "Wace mota ta kawo ku? Ban ji ƙarar mota ba."

Aka ce masa a keke suka zo, daga kusa da Madani. Ya ce a matso masa da yaron. Ya shafa kansa, ƙura ta cika masa hannu. Ya shafa fuskarsa da kunnuwansa. Ya kama tafin hannunsa ya ji inda kan keke ya tayar masa da bororo. Ya daɗe riƙe da hannun. Sa'an nan ya ce, "Kunnen gidanmu ne. Kai, ja'iri, ka zo ƙwace mini mata ko? To ta tsufa, ka makara." Aka fashe da dariya, har da na bakin ƙofa. Jika abokin wasan kaka ne, wanda kuma aka yi wa wannan wasa an karɓe shi.

Daren nan aka dafa musu karfasa da aka kamo da yamma. Tsohon ya ba yaron labarin ubansa, wato kakan uban yaron, wanda ya taso daga ƙasar Katagum da sanda da buta, ya yi shekara uku a hanya, ya yi aikin dutse a madatsa, ya tara kuɗin jirgi ya ƙetare daga Sawakin zuwa Jidda, ya komo ya zauna a bakin wannan kogi. Ya lissafa masa sunayen kakanni har bakwai, ya sa shi ya maimaita har ya riƙe. Maganar fadama ba wanda ya tashe ta. Sai da aka kusa kwanciya Kawu ya faɗi abin da ya kawo su. Tsohon ya juya wajen babban ɗansa, wanda yake da takarda, ya ce, "Wanda ya tako ƙasa ya zo maka, kai ma sai ka taka ka je masa."

Asabar tun da duhu suka juyo. Matan gida suka cika musu kariya da ayaba da busasshen kifi, kaya ya fi na zuwa nauyi. Suna wuce Sinnar iska ta tashi, ta zo karɓar bashinta. Suka hau kwalta ta Wad al-Haddad da Haj Abdalla domin ta fi santsi, amma manyan motoci suna ta kora su gefe. Tafiyar da suka yi jiya suna hira, yau suna yin ta a tsaye a kan feda. Kawu ya koya wa yaron dabara: ɗaya ya shige gaba ya tare iska, ɗaya ya laɓe a bayansa dab da taya, in na gaba ya gaji su sauya. Masu tseren keke a Turai ma haka suke yi. Da safe Kawu ne ya fi daɗewa a gaba. Daga azahar gwiwarsa ta fara ciwo, gama ya ba 50 baya. Yaron ya wuce gaba, bai kuwa sake ba da wurin ba har suka iso gida bayan lisha. Zuwa da komowa sun yi kamar kilomita 230.

A watan Janairu babban ɗan tsohon ya biyo motar ayaba ya zo Wad Madani, ya tsaya wa yaron. Aka ba shi lamba, ya zauna jarrabawa a watan Maris na 2014. Tsohon bai ƙara damina biyu ba ya rasu. Da an jira sai kuɗin mota ya samu, wataƙila da an sami zauren ba kowa.

Ƙasar da suka ratsa ta ga wahala tun daga lokacin. A watan Yuli da na Oktoba 2022 an yi faɗa tsakanin Hausawa da waɗansu kabilu a jihar Shuɗin Nilu, wajen Rusairis da Wad al-Mahi, a kan ƙasa da sarauta. Ɗaruruwan mutane suka mutu, dubbai suka gudu, waɗansu zuwa Sinnar da Jazira. Ran 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke tsakanin sojan Sudan da dakarun RSF. A watan Disamba na wannan shekara RSF suka kama Wad Madani, a ƙarshen Yuni 2024 suka kama Sinja. Soja suka karɓe Sinja a watan Nuwamba 2024, da Wad Madani ran 11 ga Janairu 2025. A kwanakin nan an kai wa waɗansu kambo hari, an kashe mutane, ana zarginsu da goyon bayan abokan gaba.

Sa'ad da Madani ta faɗi, mota ta zama abin tsoro, domin ita ake fara ƙwacewa. Mutane suka bi bakin magudanai a ƙafa, da amalanken jaki, da keke. Yaron nan, wanda ya riga ya zama magidanci, ya ɗora uwarsa a kariyar tsohon Raleigh, matarsa da 'ya'yansa da iyalin Kawu suna biye. Ya san inda hanya take rabuwa a Kilo 57, ya san inda randuna suke. Kwana huɗu suka yi. Ya kuma san ƙofar da zai ƙwanƙwasa in sun isa. Gidan da ya taɓa tsoron za a kore shi, nan aka share musu ɗakuna biyu, suka zauna wata da watanni.

Hausawa suna cewa zumunci a ƙafa yake. Ɗan'uwa mai karatu, wataƙila kai ma kana da wani gida da aka daɗe ba a taka ba, saboda gona, ko gādo, ko wata magana da waɗanda suka yi ta ma sun riga mu gidan gaskiya. Wataƙila bai fi tafiyar wuni guda ba. Kada ka jira sai bukata ta kai ka, kada kuma ka jira kuɗin mota. In akwai keke a zaure, a hura masa iska. In ka durƙusa yin addu'a kuma, ka tuna da Hausawan Jazira da na bakin Shuɗin Nilu, waɗanda suka koma gidajensu da waɗanda har yanzu suke zaman baƙunci a gidan wani.